Faifan da Ke Juya Dutse

Na kawo na'urar gida, Riruwai,
aro daga makaranta, kwana uku tak,
naɗe cikin tsohon bargo kamar jinjiri.
Baba Sallau ya dube ta a kaikaice:
"Wannan kuma me take niƙawa?"

Shekara arba'in yana wankin kuza a rafi,
ya san dutse da nauyi, ya san shi da haƙori,
bai taɓa leƙa cikinsa ba.

Na ce, Baba, fara daga nan.
Wannan baƙin zagayen shi ne faifai,
ba na kaba ba, na ƙarfe,
da huda a cibiyarsa don haske ya hauro.
Taɓa bakinsa da farce.
Ka ji zane-zanen? Ɗari uku da sittin,
kowanne taki ɗaya ne na juyi.
Ga ɗan ma'auni a gefe, shi ba ya motsi,
yana ƙirga abin da ya faɗo tsakanin zane da zane,
kamar mai awo da ba ya yafe ko tsaba.

Waɗannan harsuna biyu na ƙarfe
su ke danne gilashi kada ya zame.
A kan gilashin, dutsen Baba ne,
wanda ya ba ni bara daga bakin tsohon rami,
an goge shi, an goge,
har ya fi ɓawon albasa siranta.

Ya ce, "Kun ɓata dutse."

Ƙarƙashin faifai akwai rariyar haske,
sama kuma wata, an gitta su,
ɗaya ta ce gabas, ɗaya ta ce arewa,
tsakaninsu babu mai wucewa
sai wanda dutse ya yi wa jagora.

Ya sunkuya. Ya rufe idon da bai kamata ba.
Muka yi dariya. Ya sake.

Shiru.

Har tunkiyar maƙwabta ta gama kukanta.
Sannan, can ƙasan maƙoshi: "Lantana,
wa ya zuba baba a ciki?
Ga shuɗi, ga ruwan goro, ga algashi,
ga wani launi da ban san sunansa ba."

Na ɗora yatsansa a bakin faifai. Juya.
Ya juya, ƙwayar ta gudu,
ta bar mahaɗar zare biyu, ta yi yawo, ta dawo.
"Akuya ce a turke," in ji shi, "igiyarta ta yi tsawo."
Na nuna masa notuna biyu masu saita tsakiya:
kada ka jawo ta gaba ɗaya,
rabin hanya, ka juya, ka sake rabin hanya.
Hannun da ya saba da diga
ya murɗa noti kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jika,
har akuya ta tsaya kan turkenta
tana juyi ba ta tafiya.

Sai ta mutu. Baƙi ƙirin.
Ya janye hannu: "Na lalata?"
A'a, ci gaba.
Ta farfaɗo. Taki casa'in, ta sake mutuwa.
Ya ƙirga da leɓe: sau huɗu a zagaye guda.
Na rubuta lambar a bayan kwalin ashana,
na ce da irin wannan ake gane sunan dutse.
Bai ji ni ba.

"Da can mudu muke cikawa,
a auna, a biya, a tafi da shi Jos.
Ba wanda ya ce mana haka yake."

Rana ta sauka bayan duwatsu.
Ya lallaɓa faifai baya, kaɗan, kaɗan,
zuwa inda shuɗin ya fi ci.
"Wane ne mai kullewa?"
Na nuna ɗan notin gefe. Ya ɗaure shi tam.

"Bar shi nan.
Uwarki ta kusa dawowa daga kasuwa."